Na bi hanyar Agadas, daga baya 'yan fim suka ɗauke ni in nuna musu yadda take

Fina-finan baƙin haure sun yawaita a 'yan shekarun nan. Turawa na yi, Larabawa na yi, namu na Hausa ma sun shiga sahu, musamman tun da ƙungiyoyin waje suka fara ba da kuɗi a kan abin da suke kira wayar da kai. Duk wanda ya faɗo hannuna sai na kalle shi har ƙarshe, ko da ba na jin yaren, saboda hanyar da suke nunawa na bi ta da ƙafata. A ƙarshen 2016 na hau bayan Hilux a Agadas na shiga Libiya ba biza ba hatimi. A farkon 2018 jirgin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ya sauke ni a Legas da 'yar leda a hannu. Bayan wasu shekaru wani darakta ya ɗauke ni aiki a lokeshan, wai in riƙa gyara musu inda suka kauce. Don haka na ga abin a zahiri, na kuma ga irin gyaran fuskar da ake yi masa kafin ya zo gaban mai kallo.

Ranar da aka karanta mini labarin, tun a shafin farko muka saɓa. Jarumin ɗan gata ne. Babansa na da shago, uwarsa na da gwala-gwalai, ba abin da ya nema ya rasa. Kawai sai ya ga hoton abokinsa a Facebook ya jingina da wata mota cikin dusar ƙanƙara, shi ke nan idonsa ya rufe, ya sace sarƙar uwar ya gudu da tsakar dare. Na ce wa daraktan, "Yallaɓai, ban ce babu irin wannan yaron a duniya ba, amma ni dai ban zauna kusa da shi a mota ba." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai sai jarumi ya yi laifi sannan wuyar da zai sha za ta yi ma'ana." Da yawa daga cikin fina-finan nan a kan wannan tunanin aka gina su: tafiyar laifi ce, Sahara kuma hukuncinta.

Ni ga yadda tawa ta faro. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, ya yi shekaru a tsaye gaban inji har ranar da aka rufe kamfanin aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Ni na taso na tarar da acaba, da ita na yi aure, da ita nake cefane. A farkon 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a garinmu saboda matsalar tsaro, dubban matasa muka wayi gari ba sana'a. Na sayar da babur ɗin da asara, na karɓi Adaidaita a hannun wani ina kai masa balas kullum, ranar da ba ciniki in ciwo bashi in cika. Da abin ya gagara na koma yaron shago wajen wani mai atamfa da shadda. Can 2016 ta same mu. Dalar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 a kasuwar bayan fage, sabon kaya ya ƙi shigowa, wanda ke shago ya ƙi fita, maigida ya tara mu ya ba mu haƙuri ya rage mu. A lokacin matata na da tsohon ciki, mai gidan haya ya ba ni wa'adi, Baba kuma ɓarin jikinsa ya shanye, duk wata sai an sayi magani. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Kuma ban gudu da tsakar dare ba. Zama aka yi a zauren kawu, aka tattauna, aka yi addu'a. Kawun nan nawa ya yi ci-rani a Libiya zamanin Gaddafi, ya yi aikin gona a wajajen Sabha, ya dawo ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, kuma ba wanda ya taɓa kiransa baƙon haure. Shi ya ce in tafi tare da ɗansa, wanda muka taso tare, bai daɗe da yin aure ba, shi ma yana zaune ba aiki. Gonar Baba ta gado da ke ƙauye aka ba da jingina don kuɗin motata. Inna ta dafa kaina ta ce, "Ka riƙe salla, ka riƙe ɗan'uwanka." A fim uwa kullum ita ce wadda aka yaudara aka bari da kuka. A gidaje da dama da na sani, uwar ce ke ɗinke kuɗin a ƙugun wando.

Turai ma ba ta cikin lissafinmu. Nufinmu mu yi shekara ɗaya ko biyu a Libiya muna leburanci, mu fanshi gona, mu samu jari mu dawo. A motar da muka hau, yawancin masu jin Hausa haka suke: mutanen Tawa da Damagaram da Maraɗi da suka gama girbi, za su yi rani su komo kafin ruwa ya sauka, kamar yadda iyayensu suka yi. Masu ambaton Italiya su ne 'yan Gambiya da Gini da Senegal da wasu 'yan kudancin Najeriya. Mai shirya fim yana son teku, don teku na da kyau a hoto, sai ya tattara kowa ya zuba a jirgin roba ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai a fina-finan wayar da kai shi ne zaton da suke yi cewa ba mu san haɗarin ba. Mun sani sarai. A watan Oktoban 2013 duk mai rediyo ya ji labarin gawarwaki 92 da aka tsinta a arewa da Arlit kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, Hausawa 'yan'uwanmu. A Afrilun 2015 mun ji jirgin da ya kife da mutum wajen 800 a Bahar Rum. A majalisarmu ta bakin titi an yi ta maganar. Mutum yana jin duk wannan, ya dubi maganin ubansa da ya ƙare, ya ce ai ba kowa ke mutuwa ba.

Daga gida zuwa Agadas ba mu karya dokar kowa ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba. Duk da haka kowane shinge sai an sauke mu an tatsi wani abu. Mun isa Agadas a mugun lokaci. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, mai lamba 2015-36, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, kuma daga tsakiyar 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan. Kafin nan, duk ranar Litinin motoci ke fita a jere da rana tsaka, suna bin ayarin sojoji har Dirku, ana tsayawa a rijiyoyin da kowa ya sani. Da muka zo an kama direbobi da yawa, an tara motocinsu da aka ƙwace, kuɗin mota ya ninka. Aka kulle mu a geto, wani gida mai doguwar katanga a bayan gari, ba leƙe ba fita. Abin da muka zo da shi na guzuri a nan ya fara zagwanyewa, domin komai sai ka ba yaron gidan ya sayo maka da nasa farashin. Wannan zaman jiran, na kwanciya da tashi kana kallon bango ba ka san ranar tafiya ba, ban taɓa ganin fim ɗin da ya ba shi fiye da minti ɗaya ba, alhali shi ne rabin tafiyar.

Da dare aka kwashe mu bibbiyu a kan babura zuwa wani kwari inda motar take a ɓoye. Mu kusan talatin a bayan Hilux ɗaya. Jarkokin ruwa da na mai a ƙasa, kaya a kai, mu a saman kayan. Na gefe su zuro ƙafafu waje, kowa da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa, ita zai rungume. In barci ya ɗauke ka ka saki, ka faɗi, kuma direban ya faɗa tun farko cewa ba ya tsayawa. Ɗan ƙabilar Tubawa ne, matashi, ba fitila yake tuƙi ba. Ya kauce wa Dirku, ya kauce wa rijiyoyin, saboda a nan masu sintiri ke jira. A fim za ka ga direba ya zubar da mutane a hamada don tsabar mugunta, yana ƙyaƙyata dariya. Ban wanke su ba, akwai azzalumai a cikinsu. Amma wanda ya hango ƙurar sintiri, ya san ɗaurin shekaru da asarar mota ke jiransa, shi ne ke cewa ku sauka zan dawo. Dokar da aka ce an yi don ceton rayukanmu ita ta raba mu da rijiya.

A lokeshan, can wani tudun yashi kusa da iyakar Nijar, jarumin namu ya so ya riƙa tafiya yana tangaɗi, yana ɗaga hannu sama yana ihun "Ruwa! Ruwa!" Na ce masa mai ƙishirwar gaske ba ya ihu. Harshe ke kumbura, leɓe ya tsage, maganar ma sai ka kai kunne bakinsa. Kuma ba ya yawo, inuwa yake nema ko ta tayar mota ce. Na ce su nuna sanyi. Lokacin hunturu muka ratsa hamadar Tenere, da dare sanyin har cikin ƙashi, manyan maza suna cusuwa cikin juna suna kakkarwa, da rana kuma iska ta watsa maka yashi a ido. Daraktan ya ce mai kallo ba zai yarda akwai sanyi a Sahara ba.

Motarmu ta lalace a tsakiyar hanya. Direban ya kira wani a wayarsa ta tauraron ɗan'adam, aka ce mu jira. Ruwan da ya rage ya gauraye da warin fetur, aka koma rabawa da murfin jarka. Akwai wani dattijo mutumin Tawa da tun Agadas yake tari, ya ce mini wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, yana so ya haɗa kayan ɗakin 'yarsa. A ƙarƙashin motar ya cika, ba wanda ya ankara sai da aka tashe shi salla. Muka yi masa taimama, muka sallace shi, muka tona rami da hannu da wani farantin silba, muka jera duwatsu. Ba a yi kuka ba, ba don taurin zuciya ba, jikin ne ba ruwa. Da gyaran ya zo muka hau, wurin zamansa wani ya miƙe ƙafa a ciki. Ina Libiya na ji labarin wasu 44 da ƙishirwa ta kashe a tsakiyar 2017 tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu, da mata da jarirai a ciki. Mu tamu gyaranta ya zo, tasu bai zo ba, bambancin ke nan.

Mun wuce Tummo, mun wuce Gatrun, muka shiga Sabha muna hamdala. Ashe a nan take. Direban ya ce ɗan kamashon Agadas bai cika masa kuɗinmu ba, mu huɗu, har da ni da ɗan kawu, ya miƙa mu ga wasu mutane aka kai mu gidan bashi. Ɗaki ne ba taga, mutane jibge, bokiti ɗaya a lungu, burodi guda a wuni. Mai gidan Balarabe ne, amma sau nawa ma muka gan shi? Masu tsaronmu baƙaƙe ne irinmu, waɗanda su ma a nan aka taɓa tsare su, suka kasa biya, aka ba su bulala suka zama ma'aikata. Wanda ya fi dukana da Hausa yake zagina. Da na gaya wa marubucin labarin haka, ya yi shiru, ya ce wannan zai rikita mai kallo, gara a bar mugun ya zama baƙo mai rawani da bindiga.

Da safe ake kiran waya. A miƙa maka ita ka buga gida, da an ɗauka sai a fara zuba maka wayar lantarki a tafin ƙafa, don na can su ji da kunnensu. Inna ce ta ɗauka. Na yi niyyar in daure kada ta ji, ban iya ba. Ina jin ta tana cewa, "Ku yi wa Allah, ku yi wa Annabi, ɗana ne, za mu biya." Lambar asusun da suka bayar ta wani banki ce a Najeriya, wato mai karɓar kuɗin yana nan cikinmu, wataƙila sahu ɗaya ake salla da shi. Inna ta sayar da 'yan awakinta, matata da ke jego ta sayar da gadonta da katifa, kawu ya bi dangi gida-gida yana karɓar abin da ya samu. Mun fita don mu ɗauke musu nauyi, ga shi tun ba mu aiko da ko sisi ba mun tashi gida biyu tsaye.

A kan wannan fitowar kaɗai na kafe a lokeshan har na yi nasara. Su so suke a nuna dukan, da jini da ƙara. Na ce a juya kyamarar a nuna uwar, a tsakar gida, da waya a kunne, maƙwabta sun taru ba mai iya cewa komai. Dattijuwar da ta fito a uwar ta sa na ba ta labarin sau da yawa, ta ce, "Ɗana, da ta ajiye wayar me ta fara yi?" Na ce an gaya mini ɗaki ta shiga ta ɗauko igiyar awaki. Haka ta yi a fim ɗin, ba ta ƙara ko kalma ba. Duk inda aka haska shi a majigi, a nan mata ke fara share hawaye.

Bayan an sake mu mun yi aikin gona a kudu, sannan muka lallaɓa zuwa Turabulus. Da asuba za ka je bakin titi ka tsaya cikin ɗaruruwan irinka, kowa da alamar sana'arsa a gabansa, wani cebur, wani burushin fenti, wani guduma. Mota ta tsaya a ruga. Wani ya biya ka, wani ka yi masa mako guda kana ɗaukar bulo, ranar biya ya ɗaga riga ya nuna maka bindiga. Ba inda za ka kai ƙara, domin kai kanka laifi ne a tsaye. Ga 'yan Asma, samarin da ke tare baƙi su yi musu ƙwace ko su sayar da su. Ga dinari da darajarsa ta zube a kasuwar bayan fage, bankuna ba tsabar kuɗi, 'yan ƙasar ma suna kwana a layi. Abin da ka tara a wata, in ka ba masu aikawa, kafin ya isa gida ya zama abin kunya. Amma a garin nan na yi wa wani tsoho aikin katanga, ya biya ni cif, da azumi kullum sai ya aiko jikansa da abin buɗa-baki, da na yi zazzaɓi shi ya kai ni wajen mai magani a motarsa, yana sane da cewa zai iya jawo wa kansa magana. Har yau ina sa shi a addu'a.

A nan ne maganar Turai ta shigo, ba a gida ba. Ɗan kawu ya zauna ya yi lissafi: ga jinginar gona, ga kuɗin fansa, ga abin da muke samu. Ya ce ko shekara goma muka yi a haka ba za mu biya ba. Komawa ta Sahara kuɗi ne, kuma haɗarinta bai gaza na teku ba. In ma ya koma, da wane ido zai kalli mahaifinsa? Na ce masa, "Ɗan'uwa, ko wanka a kogi ba ka iya ba." Ya ce, "Yaya, waɗanda suka iya ma ba iyon ne ke kai su ba." Mun yi ta ja har ya daina gaya mini shirinsa. A tsakiyar 2017 ya tafi Sabrata, garin bakin teku inda jiragen ke tashi. Lokacin Italiya ta riga ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Turabulus tun watan Fabrairu, masu gadin teku na tare jirage suna mayar da mutane kurkuku. Ya kira ni wani dare ya ce an ce su shirya, in ya sauka zai neme ni. Ban sake jin muryarsa ba. Ko jirgin ya nitse, ko an tare su, ko yana cikin waɗanda faɗan Sabrata na watan Satumba da Oktoba ya rutsa da su, na bi duk wanda aka ce ya fito daga can ina nuna hotonsa, ba wanda ya ce ya gan shi.

Ni kuma samame aka kawo unguwarmu aka kwashe mu zuwa wani wurin tsare baƙi. Muna ciki, a Nuwamban 2017, tashar CNN ta fitar da hoton bidiyon da ake gwanjon mutane a kan dala 400. Duniya ta ɗauka, shugabannin Afirka da na Turai suka yi taro a Abijan ƙarshen watan, aka amince a gaggauta kwashe mutane. Mu da ke ciki mamakinmu shi ne yadda abin ya zama sabon labari, tunda duk wanda ya ratsa Sabha ya san ana yi. Sai da kyamara ta ɗauka sannan ya zama gaskiya. Jami'an ofishin jakadanci suka zo suka yi mana tambayoyi, aka ba mu takardar tafiya, aka sa mu a jirgi.

Fim ɗinmu a filin jirgi ya so ya ƙare, jarumi ya yi sujada, sai a nuno shi bayan shekara da keken ɗinki da yara masu koyon aiki, yana yi wa matasa nasiha. Ni da dare na shiga unguwarmu don kada a gan ni. Na tarar da ɗana da aka haifa ba na nan yana gudu na, matata na kwana a tabarma. Na yi watanni ba na fita sai masallaci. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai in tsinci kaina a tsaye ina rawar jiki. Masu bin bashi ba su matsa ba, sai dai gaisuwarsu kaɗai ta ishe ka. An ba mu ɗan horo da tallafin fara sana'a, na gode, ya taimaka, amma bai kai ko rabin jinginar gonar ba. Mafi wuya shi ne zuwa gaban kawu. Na durƙusa na kasa ɗaga kai. Bai tambaye ni ina ɗansa ba. Cewa ya yi, "Ka sha hanya, tashi ka zauna." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba na ganin laifin daraktan can-can. Wata rana da muka keɓe ya ce mini, "Malam, masu ba da kuɗin saƙo ɗaya suke so, kada a tafi. In na tsaya bayanin masaƙa da dala da dokar Agadas, wa zai biya?" Gaskiyarsa ce. Sai dai bayan an gama haska fim ɗin a wata makaranta, aka gabatar da ni a matsayin wanda ya je ya dawo, samari suka kewaye ni. Ba wanda ya tambaye ni ko akwai wuya. Tambayarsu ita ce wane wata ya fi dacewa a ratsa, kuma ta yaya ake gane ɗan kamashon da ba zai sayar da kai ba.

Akwai wani fim da wani Ba'italiye ya yi a 2023, labarin wasu yara biyu 'yan Dakar da suka bi ta Agadas da Sabha da Turabulus, har aka tilasta wa ɗayansu tuƙa jirgin zuwa Italiya. Ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar Oscar a 2024. A waya na kalle shi, kuma a wajen gidan bashi sai da na ajiye na fita waje. An ce da waɗanda suka bi hanyar aka rubuta shi, kuma ya nuna. Na yaba masa da bai mai da yaran mayunwata ko ɓarayi ba, ya bar su da burinsu irin na kowane yaro. Amma shi ma da aka hango gaɓar Italiya ya tsaya. Zaman sansani, da jiran takarda na shekaru, da tsinkar tumatir a gonakin kudancin Italiya kan ladan da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba, waɗanda suka tsallaka suna ba mu labarinsu a waya, wannan sai wani fim ɗin.

A Nuwamban 2023 gwamnatin sojan Nijar ta Janar Tiani ta soke dokar 2015-36, motoci suka koma fita daga Agadas a fili. Ta ɓangaren Aljeriya kuma ba a daina kwaso mutane ana zubarwa a bakin iyaka ba, su taka kilomita 15 cikin yashi zuwa garin Assamaka na Nijar. Daga unguwarmu kaɗai, cikin yaran da suka kalli fim ɗinmu, na san waɗanda suka tafi.

Matar ɗan kawu ta zauna a gidan surukai da ɗanta, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. Kawu ya ƙi karɓar gaisuwar mutuwa, duk wanda ya zo da ita sai ya ce wa ya ga gawar. Daga ƙarshe iyayenta suka kai maganar gaban alƙali, aka kira ni shaida, na faɗi kiran ƙarshe da abin da na bincika. Da yake kawu na ciyar da ita, alƙali ya yanka mata shekara huɗu kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tanada ga matar wanda ya ɓata, bayan sun cika ta yi idda wata huɗu da kwana goma. Ta yi aure a wani gari, yaron yana wajen kawu, ni nake biya masa kuɗin makaranta daga abin da nake samu a ɗaukar fitilu da janareta a lokeshan. Ɗakin ɗan kawu da ɗan filin da ya saya kafin aure kuwa, alƙali ya ce ba za a raba su gado ba sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, wato saba'in. Bana da yana nan da bai cika arba'in ba.